MUDU ƊAYA GA BABBA DA YARO

Laccar da akawun jam'iyya ya yi wa 'yan kasuwa da talakawan Wurno, Rabah da Goronyo a kan gwajin ƙwaya da giya ga ma'aikata

Maganar da ta tara mu yau ita ce ta gwajin da ake yi wa ma'aikaci don a gane ko yana shan ƙwaya ko giya. Kada wani ya ce wannan ta masu ofis ce. Ɗanka da ka sayar da albasa da tafarnuwa ka kai makaranta, shi za a miƙa wa kwalba ran da ya je neman aiki.

Bari mu fara da gaskiya, ko da tana da ɗaci. A shekarar 2018 Gwamnatin Tarayya da Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi ƙidaya, suka tarar mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, daga ɗan shekara 15 zuwa 64, sun sha ƙwaya cikin shekara guda, wajen miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma suke. A watan Mayu na 2018 aka hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Mu ma shaida ne. Mun san leburan da ba ya shiga fadamar shinkafa sai ya haɗiyi tiramol, wai don kada ya ji gajiya. Mun san ɗan kabu-kabun da ke haurowa daga kasuwar Achida idanu jajur. Wanda ya taɓa shiga motar direba mashayi ba sai an yi masa wa'azi ba.

To, ina asalin wannan gwaji? A Amurka ya yi ƙarfi. A 1986 Shugaba Reagan ya ba da umurni a riƙa gwada waɗansu ma'aikatan gwamnati. A watan Janairu na 1987 jiragen ƙasa suka yi karo a jihar Maryland, mutum 16 suka mutu, aka kuwa tarar ɗaya direban ya sha tabar wiwi. A 1991 suka kafa dokar gwada masu tuƙin manyan motoci da jiragen ƙasa da na sama. Ku lura fa, inda suka fi tsanantawa shi ne kan mutanen da ran jama'a yake hannunsu.

A ƙasarmu an kafa Hukumar NDLEA a 1989. Da Janar Buba Marwa ya zama shugabanta a 2021, sai ya yi ta kira a riƙa gwada masu neman aiki da masu neman mulki. A Kano kuwa, kafin zaɓen ƙananan hukumomi na Janairu 2021, zamanin Gwamna Ganduje, an gwada 'yan takara, aka ce an sami 13 da ƙwaya a jikinsu. Ashe cutar ba ta tsaya a tashar mota ba.

Yanzu ga yadda abin yake, don kada a ruɗe ku. Galibi fitsari ake karɓa, a tsoma wani ɗan tsinke a ciki, cikin 'yan mintoci ya nuna. Ita giya da numfashi ake auna ta, kuma cikin awoyi take barin jiki. Kodin yakan yi kwana ɗaya zuwa uku ana ganinsa a fitsari. Wiwi kuwa, ga wanda ya saba sha kullum, tana iya kai wata guda. Ma'ana, tsinken nan ba ya faɗin ko mutum yana cikin maye a bakin aiki yau, abin da ya wuce yake nunawa. Kuma yana kuskure. Akwai magungunan asibiti da kan sa ya nuna abin da babu. Shi tiramol ɗin kansa likita yana rubuta shi ga mai ciwo. Don haka a ƙasashen da suka daɗe da abin, ba a yanke hukunci sai an kai fitsarin babban ɗakin gwaji an tabbatar, likita kuma ya tambayi mutum magungunan da yake sha.

Na ga wannan da idona. Wani maigadi, maƙwabcina, dattijo mai 'ya'ya bakwai, ya faɗi daga babur ya karye, asibiti suka ba shi maganin zogi. Mako guda da komawarsa aiki aka yi musu gwaji, aka kira shi gaban yaran cikinsa aka ce mashayi ne, aka sallame shi. Ba wanda ya tambaye shi takardar likita, ga ta kuwa a aljihunsa. Rashin albashin bai dame shi kamar sunan da aka ɓata masa ba, gama har auren 'yarsa sai da ya nemi watsewa.

Saboda haka ni ban ce a bar gwaji ba. Rigakafi ya fi magani, kuma mai tuƙa mota cike da mutane zuwa Sakkwato, ko mai kula da ƙofofin ruwa a madatsar Goronyo, wajibi ne ya kasance cikin hankalinsa. Amma ku 'yan kasuwa kun san hukuncin wanda yake saye da babban mudu ya sayar da ƙarami. Ga abin da ya kamata mu nema:

Na ɗaya, a fara daga sama. In za a gwada masinja, a gwada ciyaman da kansila da darekta a rana ɗaya, a layi ɗaya.

Na biyu, a rubuta ƙa'idar da Hausa, a karanta wa ma'aikaci tun ran da aka ɗauke shi.

Na uku, kuɗin gwaji ya fito daga aljihun mai ba da aiki. Yaron da ba shi da kuɗin mota kada a ɗora masa wani haraji.

Na huɗu, kada a kori kowa da shaidar tsinke kaɗai. A sake gwaji, a duba takardar likita.

Na biyar, sakamako asiri ne tsakanin mutum da likita da shugabansa. Kada ya zama hirar bakin kasuwa, kada kuma ya zama sandar dukan wanda ba a so.

Na shida, wanda aka tabbatar yana sha, a ba shi dama ya nemi magani ya dawo. In ka kore shi kawai, ka raba shi da aiki, ba ka raba shi da ƙwaya ba, ga kuma halin da dajinmu yake ciki, inda 'yan bindiga suke neman irin waɗannan samari.

Ku kuma iyayengiji a kasuwa da gona, ku dubi kanku. Mai gonar da ya san leburansa da ƙwaya yake yin aikin mutum biyu, ya yi shiru don ribarsa, yana da kaso cikin alhakin.

Ku kai maganar nan garuruwanku. In wani ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi ko ya yarda a fara gwajin da shi. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Amin.