Gumel a Bakin Daga: Yaƙi da Zaman Iyaka, 1750 zuwa 1903



Abin da nake so mu duba yau shi ne yadda ƙaramar ƙasa kamar Gumel ta rayu shekara ɗari da hamsin a tsakanin manyan dauloli ba tare da an shafe ta ba. Idan na ce ƙasar Gumel, ina nufin yankin da ya haɗa Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Ra'ayina shi ne, ƙarfin Gumel bai taɓa zama nata ita kaɗai ba. Ƙarfin Barno ne ke tashi da ita, rauninta kuma shi ke kayar da ita.

Mangawa ne suka kafa wannan sarauta wajen 1750, a ƙarƙashin Ɗan Juma, kuma ba a jima ba ta shiga cikin masu kai gaisuwa Barno. Da jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya tashi cikin 1804, Kano ta karɓi tuta, Haɗeja ma haka, amma Gumel ba ta karɓa ba. Watau ta zama ƙofar Barno ta yamma, tana fuskantar Daular Sakkwato. Wannan matsayi ya ƙara tabbata bayan 1827, lokacin da Shehu Laminu ya kawo yaƙi ƙasar Kano, Sarkin Bauchi Yakubu ya tare shi ya mai da shi gida. Daga nan iyakar daulolin biyu ta tsaya, kuma a bakinta Gumel take.

Zaman iyaka yana da riba, yana kuma da tsada. Cikin 1851 Bajamushen nan Barth ya sauka Gumel a zamanin Ɗan Tanoma, ya tarar da gari cike da fatake, kasuwar kanwa tana ci. Da ya sake biyowa cikin 1854, bayan rasuwar Ɗan Tanoma, sai ya iske rigimar gadon sarauta ta ragargaza garin. A duba fa, a daidai wannan lokaci Kukawa ma tana fama da tata rigimar, tsakanin Shehu Umar da ɗan'uwansa Abdurrahman. Uban gida yana ta kansa, wa zai raba barori?

Daga nan maƙwabta suka sami hanya. Yaƙi da Haɗeja ya yi ta ci har rasuwar Sarkin Gumel Abdullahi cikin 1872. Ta arewa kuwa Damagaram ta bunƙasa a hannun Sarki Tanimu, wanda ya tara bindigogi har da igwa, hare-harenta kuma suka yi ta kwashe mutanen karkara. Da Rabe ya ci Barno cikin 1893, inuwar da Gumel ke fakewa a ciki ta kau gaba ɗaya.

Saboda haka kada mu yi mamakin abin da ya faru cikin 1903. Faransawa sun riga sun kama Damagaram tun 1899, Ingilishi sun ci Kano, sai Sarki Ahmadu ya karɓi Turawa ba tare da faɗa ba. Haɗeja, wadda ta ja daga cikin 1906, ta rasa sarkinta a fagen fama. Ba tsoro ba ne ya sa Gumel ta bi, lissafi ne na ƙasar da ta daɗe da sanin cewa mai zaman iyaka sai ya auna ƙarfin maƙwabci kafin ya zare takobi.