Addu'a a Bakin Gadon Asibiti: Jawabi a Sujadar Godiya ta Taron Shekara



Da Sakatare ya ce in yi magana a kan addu'a cikin wahala, na so in ƙi. 'Yan ajinmu sun san ni. Ni ne mai doguwar addu'a a taron FCS, har ƙananan ɗalibai su yi gyangyaɗi a tsaye. A lokacin na ɗauki addu'a kamar jarrabawar WAEC: ka amsa daidai, a ba ka maki.

'Yarmu ta fari da sikila aka haife ta. Ni AS, uwarta AS, ba mu kuwa sani ba, domin a zamaninmu ba wanda ke zancen gwajin jini kafin aure. Sai daga baya likita ya bayyana mana cewa ma'aurata irinmu, kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4 ya zo da SS. Hunturu ya shigo, ciwon ƙashi ya tashi. Damina ta faɗi, zazzaɓin sauro ya tayar da shi. Shekara 17 muna wannan hanya.

Na yi azumi, na kira fastoci, na yi wa Allah alkawura. Wani dare a asibiti ina addu'a da ƙarfi, sai ta buɗe ido ta ce, "Baba, kana hana marasa lafiya barci. Riƙe hannuna kawai, Allah yana ji." Kunya ta kama ni. Na zauna na riƙe hannun har asuba, ban ce uffan ba, kuma ban taɓa jin kusanci da Ubangiji kamar na daren nan ba.

Daga nan na koma Littafi Mai Tsarki da wani ido. Abokan Ayuba uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai ba magana. Nan ne suka yi daidai. Da suka buɗe baki suna nemo masa laifin da ya jawo masifar, sai suka ɓata, har a sura ta 42 Allah ya tsauta musu, ya sa Ayuba mai ƙorafin ya yi musu addu'a. Mu ma an yi mana irin wannan. Wata ta ce mu bincika ko akwai zunubin da muka ɓoye. Na yafe mata, amma ya ɗauki lokaci.

Ku duba Zabura 88 idan kun koma gida. Da kuka ta fara, cikin duhu ta ƙare, duk da haka tana cikin Littafin. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, alheri aka ba shi. Yesu kansa sau uku ya yi roƙo a Getsamani, washegari aka gicciye shi.

'Yarmu ta koma ga Ubangiji. Ba zan tsaya a nan in ce Allah ya ɗauke ta domin ya koya mini darasi ba. Ban yarda da wannan ba. Abin da na sani shi ne addu'ar ta sāke ni. Yanzu ni da uwarta mukan je mu zauna da iyayen masu sikila, ba wa'azi, sai zama. Akwai safiyar da har yau nakan tashi da fushi, in kuma faɗa masa.

Roƙona ga Shugaba: a taro mai zuwa a gayyato ma'aikatan lafiya su gwada jinin 'ya'yanmu da ba su yi aure ba, masu ƙarfi a cikinmu kuma su ba da gudummawar jini. Ni zan fara rubuta sunana.