SHA-KAUCI DA BADO: MAI FIFFIKE DA MAI SAIWA



An nemi in yi magana a kan tsuntsun nan mai shan zumar fure wanda Turawa ke kira hamingbad. To, shi dai ba ya ƙasarmu, a nahiyar Amurka kaɗai yake. Mafi ƙanƙantarsu yana ƙasar Kuba, nauyinsa bai wuce giram 2 ba. Amma muna da abokin sana'arsa a nan Kaduna, wato sha-kauci. Shi zan kwatanta da bado, wanda da yawanmu muka sani a kududdufan bakin kogi, daga Malali zuwa Unguwar Rimi da Kabala.

Sha-kauci ba ya cin banza. Idan ya zura dogon bakinsa a furen kauci, furen yakan fashe ya baɗa masa garinsa a ka, shi kuma ya kai wa wani furen, sai a samu iri. Idan wuri ya lalace kuwa, sai ya tashi ya nemi wani.

Bado ba shi da wannan gata. Farin badonmu da dare yake buɗewa, ya rufe da hantsi. Rani ya yi, ganyensa ya bushe, amma saiwarsa tana kwance cikin laka tana jiran damina. Kakanninmu sun ci 'ya'yansa da saiwarsa a shekarun yunwa. Fari bai gama da shi ba. Abin da ke gamawa da shi shi ne a cike fadama a yi gini. Fadamar kuwa ita ke shanye ruwa idan kogi ya cika. Wanda ya ga ambaliyar 2003 da ta 2012 ya san abin da nake nufi.

Jama'a, mu ne sha-kauci. Mun sha a makarantar nan, mun yi fiffike, wasu Legas, wasu Ingila. Malamai da ƙannenmu da ke azuzuwa su ne bado. Rufi ya yi yoyo, ba su da wurin tashi. Tsuntsu ma yana biyan furen da ya sha. Mu me muka mayar?

Ina roƙon kowannenmu ya leƙa ajinsa na dā kafin ya tafi, ya ga abin da ya rasa, ya faɗa wa ma'aji abin da zai iya.

Allah Ya ba mu iko. Wassalamu alaikum.