Kumburin Jijiyar Ƙofar Hanta

Kalmar jijiya a Hausa tana ɗauke da kaya mai yawa, domin da mai kai jini, da mai komowa da shi, da mai ɗaure tsoka, duk sunansu ɗaya. Wadda za a duba a nan ita ce mai kwaso jini daga hanji da saifa ta shigar da shi hanta, watau jijiyar ƙofar hanta. Kimanin kashi 75 cikin 100 na jinin da hanta take samu ta nan yake bi.

Idan hanta ta ƙandare, ko dai saboda ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a ƙasar Hausa, ko kuwa saboda giya, sai hanya ta ƙuntata, jini ya taru a baya tamkar ruwan da aka datse. Abin da likitoci suka saba gani shi ne saifa ta kumbura, ciki ya tara ruwa, ko jijiyoyin ƙasan maƙoshi su fashe, majiyyaci ya yi aman jini.

To, amma jefi-jefi bangon jijiyar ƙofar kanta yakan yi rauni a wuri guda ya bunƙuro, kamar yadda robar tayar keke takan yi ƙululu inda ta sirance. Barzilai da Kleckner ne suka fara bayyana wannan a 1956, kuma har zuwa 2015 waɗanda aka ba da labarinsu a mujallun likitanci ba su wuce 200 ba. Sau da yawa yakan fito a mahaɗar jijiyar saifa da ta hanji. Ga mai ƙandararriyar hanta, ana kiransa kumburi in faɗinsa ya haura milimita 19.

Da yawa ba sa jin komai, sai an ɗauki hoton ciki don wata lalurar a ci karo da shi. Haɗarinsa shi ne jini ya daskare a ciki, ko ya fashe, ko ya danne magudanar ɗaci shawara ta biyo baya.

A nan ake samun saɓani da dangi, waɗanda da jin an ce kumburi sai su matsa a yi aiki. Alhali kuwa hantar da ta ƙandare ba ta sarrafa isassun sinadaran tsayar da jini, don haka wuƙa tana iya fin kumburin haɗari. Galibi likita yakan zaɓi sa ido, yana maimaita hoto lokaci-lokaci, ba ya yin aiki sai kumburin ya ƙaru ko ya soma ɓarna.