Ziyarar Tsofaffin Majami'un Alƙahira Da Goyo A Baya



An nemi in yi magana a kan zaman baƙunci a ƙasar waje, tun da yake da yawa daga cikinmu suna sa rai wata rana za a tura su ƙaro ilmi, wasu ma har da iyalinsu. Wannan kaya ya fi ƙarfin kaina, saboda haka ɗan yanki kaɗai zan ɗauka daga cikinsa. Akwai wata al'ada da na lura da ita wurin mutanenmu mazauna ƙetare. Sai mutum ya shekara uku ko huɗu a babban birni, amma hanyoyin da ya sani ba su wuce uku ba, watau ta makaranta, da ta kasuwa, da ta filin jirgin sama. Matarsa kuwa, wani lokaci ko waɗannan ba ta gama sani ba. In ka tambayi dalili sai a ce ai yara ne suka ɗaure ƙafa, wa zai ɗauki ɗan shekara biyu ya shiga da shi wurin tarihi? A ganina wannan hanzari ba shi da ƙarfi, kuma hasarar da ake yi a bayansa ba ƙarama ba ce, domin takardar shaida ana iya samunta a ko'ina, amma garin da ka zauna ba ka gan shi ba, da wuya ka sake komawa.

Bayan na gama sakandare, kafin in shigo jami'a, na yi wata takwas a Alƙahira a gidan yayata, wadda ta haihu a can sa'ad da mijinta yake karatu. Aikina shi ne kula da 'yarta ta fari, mai shekara biyu da 'yan watanni. Gidan kuwa ɗaki biyu ne a saman bene, ba tsakar gida, ba inuwar itace, don haka in ana so maijego ta runtsa, tilas a fita da yarinyar. Ta haka ne muka san unguwar da Masarawa suke kira Misrul Ƙadima, watau Tsohuwar Alƙahira, inda tsofaffin majami'un Kibɗawa suke.

Bari in ɗan tsaya a kan wannan suna, don na san kunnen Bahaushe in ya ji Kibɗawa, mutanen Fir'auna yake tunawa. Asalin kalmar daga sunan da Girkawa suke kiran ƙasar Masar ne, Larabawa suka taƙaita shi ya zama Ƙibɗ. Yau kuwa Kiristocin Masar ake nufi da ita, kuma suna cikin mafi daɗewar jama'ar Kirista a duniya. Harshen da suke wasu addu'o'insu da shi jikan harshen Fir'aunoni ne, ana rubuta shi da baƙaƙen Girkanci da ƙarin wasu shida ko bakwai na tsohon rubutun ƙasar, kuma saninsa ne ya taimaki Bafaranshen nan Champollion ya warware rubutun Fir'aunoni a 1822. Lissafin shekarunsu yana farawa daga 284 Miladiyya, shekarar da Diyokilishan ya hau sarautar Rum, saboda tunawa da waɗanda aka kashe a zamaninsa don addininsu.

Zuwa wurin ba wuya. Jirgin ƙasa na cikin gari, wanda aka buɗe layinsa na farko a 1987, yana tsayawa a tashar Mar Girgis, kuma yana da taragun da aka keɓe wa mata, abin da ya sauƙaƙa mini ƙwarai. Kana fitowa daga tasha sai ka yi kiciɓis da hasumiyar wata tsohuwar ganuwar Rumawa da ake kira Babilun. Wannan ganuwa ce Amru ɗan Asi ya yi wa ƙawanya wata da watanni har ta sallama a 641. A wancan zamani kogin Nilu yana wucewa ta gindinta, amma yanzu ya ja da baya zuwa yamma, ƙasa kuma ta taru ta yi tudu, har ya zama in za ka shiga lungunan unguwar sai ka gangara matakala, kamar mai shiga rijiya.

A nan ne darasi na farko yake, kuma na 'yan uwana mata ne. Keken tura jarirai, wanda matanmu suke ɗokin saye da zarar sun sauka ƙasar waje, ba shi da amfani a irin waɗannan wurare. Waɗanda suka gina su ba su yi tunanin taya ba. Na ga Turawa mata da miji suna ɗaga keke kamar makara suna haki, ni kuwa na ɗaure zanena na wuce su. Tsofaffin matan Masar har tsayar da ni suke yi su duba yadda aka yi ɗaurin.

Majami'ar da ta fi suna ita ce Al-Mu'allaƙa, ma'ana Ratayayya, saboda an ɗora ta ne a kan ƙofar ganuwar ta kudu, ƙarƙashinta fayau. Matakala 29 ake hawa kafin a kai bakin ƙofarta. Babba yakan haye su cikin daƙiƙa kaɗan, amma 'yar tawa sai ta ce a sauke ta, ta hau da kanta, ɗaya bayan ɗaya, ta kai sama ta ce a koma ƙasa a sake. Ga wanda ya zo da takardar jerin wurare goma da yake so ya gani kafin azahar, wannan azaba ce. Amma tafiyar yaro ita ce ta dace da tsohon gini. Ayarin masu yawon buɗe ido sukan shigo bayan jagoransu, su ɗaga kai, su ɗauki hoto, su fice cikin minti goma. Mu kuwa gini ɗaya muke yi a yini, sa'an nan mu dawo masa wani makon.

Yaro kuma ƙasa yake kallo, inda manya ba su kula. Ita ce ta fara durƙusawa a kan wani gilashi da aka shimfiɗa a daɓen majami'ar, wanda ta cikinsa ake hango zurfin tsohuwar ƙofar Rumawa can ƙasa, sai a lokacin sunan ginin ya zauna mini sosai. Ita ce kuma take bin siraran ginshiƙan farin dutse da suke ɗauke da mumbarin tana taɓawa, har ta kai kan wani baƙi guda ɗaya a cikinsu. Masu kula da wurin sukan ce wannan yana matsayin Yahuza ne, almajirin da ya ci amana. Rufin na katako ne, an lanƙwasa shi kamar kifaffen jirgin ruwa, ana cewa don tunawa da jirgin Annabi Nuhu. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne shingen katakon da ya raba jama'a da wuri mai tsarki, wanda aka yi wa ado da kanya da hauren giwa, zanen taurari suna shiga juna ba ƙarshe. Wanda ya ga mumbarin tsofaffin masallatan Alƙahira zai gane wannan hannu nan take, sai dai nan akwai gicciye a tsakiyar tauraron. Sana'ar gari ɗaya ce ta ƙawata ɗakunan ibada biyu. Tun daga ƙarni na 11, har tsawon ƙarnuka, a nan ne mazaunin shugaban Kibɗawa yake bayan an taso daga Iskandariya.

A majami'unsu da yawa za ka ga an rataye ƙwan jimina a gaban wannan shinge. Suna cewa jimina ba ta ɗauke ido daga ƙwanta, haka kuma Ubangiji ba ya ɗauke ido daga bayinsa. Wanda ya san ƙwan jimina a ƙololuwar hasumiyoyin masallacin Jenne na ƙasar Mali, ko a kan tsofaffin ɗakunan ƙasarmu, ba zai ji baƙunci ba.

Na san akwai mai tambaya a zuciyarsa, me ya kai 'yar Musulmi coci? Hukunci na malamai ne, ba nawa ba. Abin da idona ya gani shi ne Musulmin Masar da kansu, mata da lulluɓinsu, da 'yan makaranta a bayan malamansu, suna shiga suna kallon tarihin ƙasarsu. Sai dai wajibi ne baƙo ya tuna cewa waɗannan ba gidajen ajiye kayan tarihi ba ne, ɗakunan ibada ne masu rai. Ranar Juma'a da Lahadi da safe ana sujada mai tsawo, da turaren lubban da kaɗa kuge, maza a hagu mata a dama, yawancinsu da ɗankwali. Mai ɗan yaro ya bari sai an tashi. Akwai wuraren da ake tuɓe takalmi, wannan kuwa ba sai an koya wa Bahaushe ba. A ciyar da yaro a waje kafin a shiga, a kuma riƙe hannunsa kusa da kyandirorin da ake kafawa cikin yashi a gaban hotuna, don harshen wuta daidai tsayin idonsa yake. In ya fara kuka a fita da shi farfajiya, ba a tsaya lallashi a tsakiyar masu addu'a ba.

Bayan wannan kuma, kada a yi zaton yaro kaya ne kawai. Masarawa mutane ne masu son yara. Ni kaɗai, baƙar yarinya baƙuwa, kallo kurum nake sha, wani lokaci ma samarin titi su jefo maganar launin fata. Amma da goyo a baya sai fuska ta sake: mai gadi ya miƙo alewa, tsohuwa ta matsa mini a benci ta tambayi daga ina muke, daga nan hira ta buɗe. Yawancin abin da na koya a wurin, ta wannan ƙofa ya shigo.

Majami'ar da ta fi taɓa zuciyata ita ce Abu Sarga, wadda take can cikin lungu. A ƙarƙashinta akwai wani ɗan kogo, wanda Kibɗawa suka yi imani cewa Maryamu da ɗanta Isa da Yusufu sun fake a cikinsa sa'ad da suka gudo daga sarki Hirudus, kamar yadda Linjilar Matta ta ba da labarin gudun. Kowace ranar 1 ga Yuni suna bikin tunawa da shigowarsu Masar. A da, in Nilu ya yi ambaliya, ruwa yakan cika kogon. Ko mutum ya gaskata cewa nan ne ainihin wurin ko bai gaskata ba, ya dubi abin da ake girmamawa: uwa ce baƙuwa a ƙasar da ba tata ba, da ƙaramin yaro a hannu, tana neman inda za ta kwantar da shi. 'Yan taku kaɗan daga nan kuma ga majami'ar Yahudawa ta Ben Ezra, inda ake cewa a kusa da ita ne aka tsinci Annabi Musa yana jariri. Unguwar da ake ce mana ba a zuwa da yara, ashe a kan labarin yara aka kafa darajarta.

Wannan majami'a ta Yahudawa tana da wani abin da ya shafe mu ɗalibai. Al'adarsu ce ba su jefar da takardar da take ɗauke da sunan Allah, kamar dai yadda iyayenmu suke tsince ta daga ƙasa. Saboda haka suka yi ɗaruruwan shekaru suna zuba tsofaffin takardu a wani ɗaki a saman ginin. A 1896 zuwa 1897 wani malami mai suna Solomon Schechter ya kwashi mafi yawansu zuwa Jami'ar Kambirij a Ingila, inda ake da gutsattsari wajen 193,000. A ciki akwai wasiƙun fatake, da takardun aure, da na bashi, har da shafukan da yara suka koyi rubuta baƙaƙe a kansu.

Ba zan ɓoye muku ba, kafin a shiga unguwar sai an bi ta gaban 'yan sanda da na'urar bincike. An kai wa majami'un Kibɗawa munanan hare-hare, a Alƙahira a Disamba 2016, da Tanta da Iskandariya a Afrilu 2017. Mu da muka fito daga ƙasar da ta ga an ƙone masallaci an ƙone coci, ba mu da bakin yi wa kowa gori. Yarinya 'yar shekara biyu ba za ta tuna shekarar da aka gina kome ba, amma tana kallon fuskar wanda ya goya ta. In ta ga ya rage murya ya gaida mai gadi a ƙofar ɗakin ibadar wasu, ta ga wani abu. In ta ga ya tofar da yawu ya tsallaka titi, nan ma ta ga wani abu.

Daga nan tafiyar 'yan mintoci ce zuwa masallacin Amru ɗan Asi, na farko a ƙasar Masar, wanda aka kafa a 641 zuwa 642 a sabon garin Fusɗaɗ. An sha rushe shi ana faɗaɗawa, har ba abin da ya saura na ginin farko. A nan muke ƙare yininmu, don farfajiyarsa tana da faɗi da sanyi, yaro yana iya gudu har ya gaji ya yi barci a kan darduma. A cikin wannan gari na Fusɗaɗ ne kuma, in ji masanin tarihin Masar Al-Maƙrizi, mahajjatan Kanem suka ba da kuɗi wajen shekarun 1240 aka gina makarantar Ibn Rashiƙ ta mazhabar Malikiyya, inda mutanen ƙasarsu suke sauka, suna kuma aiko mata da kuɗi daga gida.

Shugaba, na ga kana duban agogo.