Wa Ya Faɗa, Wa Ya Gani: Koyar da Tantance Labari a Aji



Da yawanku kun tuna wata asuba a watan Agustan 2014, makonni kaɗan bayan Ebola ta shigo Legas ta hannun wani matafiyi daga Laberiya. Tun kafin kiran salla wayoyi suke ƙara: a tashi a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha, wai don kariya daga cutar. Aka sha. Wasu suka kwana a asibiti, wasu suka riga mu gidan gaskiya. Waɗanda suka buga wayar nan ba 'yan damfara ba ne. Gwaggo ce, yaya ne, aminin baba ne, cikinsu har da masu digiri. Ke nan iya karatu daban, iya tantance abin da aka karanta daban, kuma na biyun ba ma koyar da shi.

Kada mu ɗauka matsalar tamu ce mu kaɗai. A 2016 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Sam Wineburg, sun gwada dubban ɗalibai, suka tarar sama da kashi 80 cikin ɗari na 'yan ƙaramar sakandare ba su iya raba labari da tallan da aka yi wa rigar labari. Daga baya suka ba malaman tarihi da ƙwararrun masu bin diddigin labarai shafuka iri ɗaya. Malaman tarihi suka duƙufa a kan shafin suna nazarin kalmominsa da tsarinsa, wasu suka ruɗu. Masu bin diddigi kuwa nan take suka bar shafin, suka tafi neman abin da wasu ke faɗi game da mai shi.

Wannan dabara ba baƙuwarmu ba ce. Yaron da ya zauna a Islamiyya ya san hadisi yana da isnadi da matani. Ya san akwai ingantacce, akwai mai rauni, akwai ƙagagge. Ya ji yadda su Imam Bukhari suka yi ta bin maruwaita: wane ne shi, ya haɗu da wanda ya ce ya ji daga bakinsa, an taɓa kama shi da ƙarya? Amma yaron nan zai koma gida, a turo masa saƙon murya a WhatsApp, ba suna, ba gari, ba kwanan wata, sai "wani babban likita ya ce", ya tura wa zauren 'yan ajinsu kafin ya cire takalmi. Ilimin yana kansa, ba wanda ya taɓa gaya masa cewa yana aiki a waya. Aikin malamin aji shi ne ya haɗa masa biyun.

Ban goyi bayan a ƙirƙiro sabon fanni a ɗora wa jadawalin da ya riga ya cika ba. Finlan, wadda ake yawan buga misali da ita, cikin kowane darasi ta cusa abin. Malamin Hausa ya kunna saƙon murya ɗaya a aji, yara su rubuta: wa ke magana, da idonsa ya gani ko ji ya yi, wace kalma ya zaɓa don ya tsorata mu, me ya sa ya rufe da rantsuwa da "don Allah ka tura wa wasu". Malamin lissafi ya kawo adadin da ke yawo, a tambaya kashi nawa na me. Malamin labarin ƙasa ya kawo hoto. A rikicin Filato na Yunin 2018, binciken BBC ya nuna cewa wasu hotunan da suka hura wutar gaba a Facebook ba ma a Najeriya aka ɗauke su ba. Akwai hoton bidiyon da asalinsa daga Kongo-Brazabil ne. Ɗan aji uku zai iya koyon duba lambar mota, rubutun allon shago, kakin ɗan sanda, da ko ciyawar da ke hoton ta yi daidai da lokacin da aka ce an ɗauka. Na san za a ce ba wuta, ba kwamfuta. Wayar malam guda ɗaya ta isa a nuna yadda ake neman asalin hoto da Google Lens, ko a buɗe shafin Dubawa na masu bin diddigin labarai. Sauran aikin allo ne da alli.

Akwai abu biyu masu wuya, kuma a nan nake son mu ɗan tsaya.

Na farko, idan ba a yi hankali ba za mu yaye yaran da ba su yarda da komai ba, kowane labari su ce farfaganda ce. Wannan ma makanta ce. Kuma jita-jita takan tsiro a kan ciwo na gaske. Lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna a 2003, har zuwa Yulin 2004, zancen cewa maganin yana hana haihuwa ba gaskiya ba ne, cutar kuma ta bazu har Yaman da Indonesiya. Amma mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a 1996 ba. Malamin da ya ce wa ɗalibai "jahilci ne kawai" ya yi ƙarya shi ma. Sai dai malami ya gaya musu duka biyun, ya nuna musu yadda ake raba zargin da ke da hujja da wanda ya hau bayansa.

Na biyu shi ne ladabi. Mun tarbiyyantar da yaro kada ya musa wa babba, kuma ba na neman a rushe wannan. To idan mahaifinsa ne ya turo saƙon fa? Iyayenmu sun tashi da rediyo, inda "an faɗa a BBC" ke kashe gardama, sai suka ɗauki wannan amanar suka ba duk muryar da ta fito daga waya. Sai a koya wa yaro lafazin. Ba "Baba, ƙarya ne" ba, "Baba, na duba, kamar tsohon hoto ne, ga inda ya fara fitowa." A gwada shi a aji kamar wasan kwaikwayo, wani ya zama baba, wata ta zama inna. Yanzu da na'ura ke iya kwaikwayon muryar malamin da ake girmamawa, wannan lafazi zai yi amfani fiye da da.

Mu malamai ma, a gaskiya, zaurukanmu na WhatsApp ba su fi na yaran tsabta ba. Don haka roƙona ga kwalejojin ilimi shi ne su fara da ɗaliban NCE. Ga hukumar NERDC da masu shirya jarrabawar WAEC da NECO kuma, kun san abin da ba ya fitowa a jarrabawa ba a karanta shi. Ku sa tambaya ko da guda ɗaya a takardar ilimin zama ɗan ƙasa: ga saƙo, ga hoto, ɗalibi ya faɗi abin da zai bincika kafin ya tura.