Gigin Tsufa: Kada Mu Raba Dattijo da Zaurensa



Da yawanmu, idan mahaifi ya fara gigin tsufa, sai mu ɗauke shi zuwa birni, mu ajiye shi a ɗaki gaban talabijin, muna ganin gata muka yi masa. Alhali wannan ciwo na ƙwaƙwalwa ne: abin jiya yake fara sharewa, na ƙuruciya ya daɗe. Baƙon wuri kuwa ƙara ruɗa shi yake yi.

A ƙasar Holan, a 2009, an buɗe wa masu wannan lalura unguwa guda mai suna Hogeweyk, da kanti da lambu, domin su rayu kamar suna gida. Mu a ƙasar Ɗambatta kyauta muka samu: ga zaure, ga inuwar darbejiya, ga muryar ladanin da ya saba ji.

Saboda haka a ba Baba tufkar igiya, a ba Inna ɓarar gyaɗa. A rufe rijiya, a haska tsakar gida da dare. Idan ya maimaita tambaya, a amsa ba tsawa. Mu na birni kuma mu ɗauki nauyin likita da mai jinya, mu riƙa zuwa tun yana gane mu.